Ajin Ƙarshen Baranda

Ana kaɗa ƙararrawa yaron ya toshe kunnuwansa, ya shiga jijjiga jiki gaba da baya. Uwarsa ta yi masa katanga da mayafinta har ɗalibai suka gama rugawa cikin azuzuwa.

"Shi ke nan, Babana, sun wuce," ta ce a hankali.

Shekararsa tara, bai taɓa ce mata Mama ba. Likita ya kira abin galahanga. Maƙwabta kuwa suna da nasu sunayen, waɗanda sai ta ba da baya suke faɗa. Ubansa direban babbar mota ne, ya fi sanin titi a kan tsakar gidansa, don haka ita kaɗai ce da yaron da keken ɗinkinta.

Da ta ji a rediyo gwamnati ta buɗe wa irin waɗannan yara aji a makarantar unguwa, sai da ta je ta gani da idonta. Ga shi a ƙarshen baranda, fenti sai ƙyalli. Hedimasta ya ce malama na nan tafe da zarar an dawo hutu.

Ta san ɗanta: sabon abu ne babban maƙiyinsa. Sai ta rufe keke, ta kwashe hutun nan kaf tana koya masa hanya. Ranar farko a gaban shagon mai walda ya zube yana ihu, jama'a suka taru suna kallo, kowa da maganin da ya sani. Ta goya shi zuwa gida, ƙafafunsa na dukan gwiwoyinta. Kullum suka riƙa ƙara ɗan taku, har ranar da ya ja hannunta da kansa zuwa ƙofar ajin. Ranar ta yi kukan daɗi, ba ta da wanda za ta gaya wa.

* * *

"Ranka ya daɗe, malamar fa?"

Hedimasta ya cire tabarau ya murza ido. "Baiwar Allah, ni ma jira nake. Na rubuta, na je da ƙafata. Sun ce ana kan dubawa."

"To ko a sa shi cikin sauran yaran?"

"Aji ya cika har taga, malami ɗaya. Ke kin yarda?"

Ba ta yarda ba. Zango ya wuce, wani ya bi bayansa. Aka fara jibge karyayyun tebura a ajin, aka garƙama kwaɗo.

Ta gwada zama a gida. Lokacin fita na yi yaron ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, da ya ga ba a buɗe ba ya dinga buga goshinsa a jikin ƙofar har jini ya fito. Ta sha farke ɗinkin da ya karkace, amma wannan da ta yi da hannunta ta rasa ta inda za ta kama zaren.

* * *

Yau ma suka bi barandar. Wata 'yar yarinya da aka aiko ɗebo alli ta tsaya tana kallonsu.

"Mama, kullum ina ganinku. Ɗanki aji nawa yake?"

Uwar ta nuna da haɓa. "Wancan."

"Ai wancan sito ne," in ji yarinyar, ta wuce da gudu.

Yaron ya ajiye jakarsa a gindin ƙofar, ya zauna ya harɗe hannuwa, ya fuskanci katakon yana jira a fara.