Kabad ɗin Inna

Da Inna ta yarda za ta dawo wurinmu da zama, sharaɗi ɗaya ta kafa: ba za ta zo ba sai da kabad ɗinta.

Ni ce autarta. Tun rasuwar Babanmu take zaune ita kaɗai a tsohon gidanmu, ga ciwon gwiwa, ga mantuwar shan magani. Mu kuma a lokacin mun samu gida a saman wani bene, hawa ɗaya, muna cikin gyaransa. An fasa bangon da ya raba kicin da falo, an sake tayil, ko'ina ka taka sai ƙura da buhunan siminti. Ɗakin da rana ke fara leƙawa da safe muka ware mata.

Kabad ɗin kuwa ba ƙarami ba ne. Katako ne mai duhu, ƙofofi uku, da dogon madubi a ta tsakiya. Babanmu ya sa aka ƙera mata shi shekarar da aka haifi babban yayanmu. Masu ɗaukar kaya suka kawo shi har ƙofar benen, suka hau da shi da kyar zuwa inda matattakala ta yi kwana, nan ya tsaya cak. Suka juya shi, suka kwantar da shi, suka tayar, har suka kankare fentin bangon mutane. Ƙarshe suka sauko da shi suka jingine a ƙasa, bakin hanya, maƙwabta na raɓawa ta gefensa suna hararar sama.

Maigidana ya ce, "A sayar kawai, a saya mata sabo. Ai yanzu akwai masu kyau."

"To kai za ka faɗa mata," na ce.

Bai sake tayar da maganar ba.

Wanda muka ba kwangilar duk aikin katakon gidan, kafinta ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Duk abin da ka tambaye shi, amsarsa ɗaya: "Bari mu gani." Yaushe za a gama kicin? Bari mu gani. Wannan katakon zai jure ruwa? Bari mu gani. Har maigidana ya laƙaba masa Bari-mu-gani, sunan ya bi shi, shi ma idan an kira shi haka amsawa yake. Ni dai a lokacin haushinsa nake ji, don a ƙasa nake girki kan ƙaramin risho, kwanuka a cikin kwali, shi kuwa yana nan yana auna bango ɗaya kamar zai aure shi.

Na sauko da shi na nuna masa kabad ɗin. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa gefe, ya ƙwanƙwasa baya, ya sa kunne.

"Mai shi fa?" ya tambaya.

"Mahaifiyata ce. Tana tsohon gida."

"A kawo ta. Ba zan sa masa guduma ba tana wani wuri."

Washegari maigidana ya ɗauko Inna a mota. Aka ajiye mata kujera a ƙasan benen, ta zauna da sandarta a tsakanin ƙafafu. Kafinta ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce mata kabad ba zai hau a yadda yake ba, sai an warware shi. Ya kuma ce akwai abin da yake so ta gani da idonta. Ya sa babban yatsa ya danna katakon baya, yatsan ya nutse, gari ya zubo.

"Gara ce, Inna. Ta cinye bayan da ƙasan. Ƙofofin nan da gefe biyu dai lafiya lau, ko ƙusa da kyar take shiga."

Inna ta daɗe tana kallon garin da ya zuba.

"Wato ya mutu ke nan," ta ce.

"A'a. Akwai lungu a bangon ɗakinki. Idan kin yarda, in gina sabon ciki a nan, in mayar masa da fuskarsa. Abin da ya ruɓe ne kawai za a zubar."

"Kai yaro, ka iya kuwa? Wanda ya ƙera wannan ba irin kafintocinku na yanzu ba ne."

Yaron da take faɗa ya kusa ajiye jikoki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bari mu gani."

Daga ranar Inna ta ƙi komawa. Muka shimfiɗa mata katifa a falo, cikin ƙura, ta ce ba komai. Kullum da safe sai ta sa a ja mata kujera bakin ƙofar ɗakin, ta zauna tana gadin aikinta. "Wannan ya karkace." "Bangon ne ya karkace, Inna." "To ka miƙe bangon mana." Shi kuwa ko a jikinsa. Da gaske bangon ya karkace, saman lungun ya fi ƙasan faɗi, sai da ya yi ta sassaƙe katako yana gwadawa yana cirewa kafin ya zauna daram.

Wata safiya ya roƙe ta ta miƙe tsaye. Ya ce ta ɗaga hannu iya inda ba za ta ji zafi a kafaɗa ba, ya ja layi da fensir a bango. Ya ce ta sunkuya iya inda gwiwa za ta yarda, ya sake jan wani. A tsakanin layukan nan ya jera duk kantocin da za ta riƙa amfani da su. A nan ne Inna ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya mini ba: ashe ta yi shekaru ba ta buɗe durowar ƙasa ba, kantar sama kuma da sanda take zungurowa, abin da ya faɗo shi za ta ɗaura. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da kofin shayinta a hannu.

Aiki na tafiya, sai ranar hawo da ƙofar madubi. Kafinta ya ce a bari abokin aikinsa ya zo su ɗauka tare. Maigidana, da yake ranar ba ya zuwa ofis, ya ce haba, ƙofa ɗaya ce, shi ma namiji ne. Suka ɗauka, shi a ƙasa, kafinta a sama. A wannan kwanar dai ta matattakala takalminsa ya zame. Ƙofar ba ta faɗi ba, amma gindinta ya bugi ƙarfe, madubin ya tsage daga ƙasa har kusan tsawon hannu.

Maigidana ya shigo kicin, kafinta na biye da shi, gumi na keto masa, yana magana ƙasa-ƙasa. "A sayo wani a sa kafin ta gani. Ai madubi madubi ne."

Kafinta ya girgiza kai. "Za ta gane. Wannan ya yi ɗigo-ɗigo a gefe, sabo ba shi da su. Kuma ni ba zan iya kallon idonta ba. Mu je tare, ni na yarda muka ɗauka."

Haka suka tafi falo, manyan maza biyu, suka durƙusa a gabanta kamar 'yan makarantar da aka kama. Maigidana, wanda ko sunanta ba ya iya faɗa don kunya, ya ce, "Inna, ni ne. Ƙafata ce ta zame."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar da ke jingine. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka ne, na taso, ashe dariya ce, har da share hawaye da bakin mayafi.

"Wannan ai na biyu ne," ta ce. "Na farkon, ranar da aka kawo shi marigayi ya fasa. Shi ma cewa ya yi zai iya shi kaɗai. Tashi, ɗana, gado ka yi."

Kafinta ya kai madubin wurin masu yankan gilashi aka yanke inda ya tsage. Da ya dawo da shi ya gajarta, sai ya saukar da shi ƙasa kaɗan, ya cike saman da guntun tsohon katako daga gefen kabad ɗin, ya goge da samfefa har ba ka gane mahaɗa. Ya zama daidai fuskar wanda ke zaune a bakin gado.

Ranar da ya ɗaura ƙofa ta ƙarshe, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, sannan ya ja da baya. Ɗakin na ƙamshin sabon katako da man goge shi. Inna ta tako da sandarta, ta shafa ƙofar tsakiya tun daga sama har mariƙi. Ta jawo durowa da yatsa biyu, ta fito sumul. Ta mayar, ta sake jawowa.

"Zo nan," ta ce masa.

Ya matso ya durƙusa. Ta ɗora hannu a kansa, kan hular da ta yi fari da garin katako, ta yi ta sa masa albarka, shi da matarsa da 'ya'yansa da hannuwansa, har da zartonsa. Yana ta amin, amin, kansa a ƙasa. Da ya tashi sai ya juya mana baya yana tattara ƙusoshi, ya daɗe yana tattarawa, alhali ba su da yawa.

Na bi shi har bakin matattakala. Na shirya godiya mai tsawo a raina, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri. Ka yi haƙuri da mu."

"Ba komai," ya ce. "Ki riƙa buɗe mata taga da safe, katakon ya sha iska."

Da na koma, Inna ta riga ta zazzage akwatinta a kan gado. Na ɗauki zannuwa zan jera mata, ta buge mini hannu.

"Ajiye. Ke ba ki san inda komai yake zama ba. Je ki ɗora mini ruwan zafi."

Na fita na bar ta tana ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan waƙa a ƙasan maƙoshi.