Ruwan Duron Birkila

Shekara ashirin da shida ta yi tana riƙe da siton wata makaranta, kuma a wannan zaman ta koyi abu guda: duk wanda ya cika yi maka murmushi, duba aljihunsa. Ta yi ritaya, halin ya biyo ta gida. 'Yan layinsu suna ce mata Anti Makulli, a bayan idonta dai, don babu mai ƙarfin halin faɗa a gabanta.

Da mijinta ya ce za a fasa tsohon simintin da ya tashi daga get zuwa ƙofar falo a zuba sabon kankare, ba ta ce a'a ba. Ita ma ta gaji da tuntuɓe. Simintin ya dare gida uku, gefe guda ya ɗago, motar Malam kullum sai ta kartu da ciki kafin ta shiga. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne wanda ya ɗaga simintin. Itacen lemun tsami ne da ke jikin katanga, wanda mahaifiyarta ta dasa da hannunta a shekarun ƙarshe da ta yi a gidan. Inna ta rasu shekara huɗu ke nan. Kayanta an raba, ɗakinta ya koma na baƙi, lemon ne kawai ya rage a inda ta bar shi.

Malam kuwa ya taɓa cewa, sau ɗaya tak, saiwar lemon nan za ta ja musu aiki. Shi ya manta ya faɗa. Ita ta adana maganar.

Birkilan da ya kawo dogo ne, mai furfura a gemu, mai yawan fara'a. Tun daga nan ya faɗi jarrabawa. Ya zagaya itacen sau biyu, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin simintin, sannan ya ja Malam bakin get suka yi magana ƙasa-ƙasa. Tana kallonsu ta tagar kicin, wuƙa a hannu, albasa ta tsaya rabi.

"Me kuka ƙulla?" ta tambayi mijin da ya shigo.

"Me za mu ƙulla? Ya ce zai ɗan karkatar da hanyar ne, don kada a sare babbar saiwa."

"Sai an je bakin get ake faɗin wannan?"

"A nan inuwa take, Hajiya."

Ta ce to. Amma a ranta ta ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Washegari leburori biyu suka zo da diga da shebur. Ita kuma ta fito da kujerar roba ta kafa a gindin lemon, ta zauna kamar mai gadi. Duk digar da ta sauka kusa, sai ta miƙe ta leƙa ramin. Ƙananan saiwoyi huɗu suka yanke, ta ƙirga su, ta sa aka jera mata a gefe. Birkila bai ji haushi ba, ya ma yi dariya ya ce rabon da a sa masa ido haka tun yana koyon aiki. Dariyar ta ƙara mata tabbaci.

Gaskiya dai, hanyar ta karkata kamar yadda aka ce. An kafa katako, an shimfiɗa tsakuwa, an ɗaure rodi, an bar wa itacen fili kamar faɗin tabarma. Wani da ya ga haka sai hankalinsa ya kwanta. Ita cewa ta yi ai ba da gatari kaɗai ake kashe itace ba.

Kashi-kashi aka yi zubin, kwana bakwai. Ruwan famfo ba ya zuwa sosai, don haka na tanki aka ware wa aikin: a kwaɓa da shi, a kuma jiƙa wanda aka zuba safe da yamma don kada ya tsage. Kusa da lemon suka ajiye wani shuɗin duro, a ciki suke wanke shebur da kwanon sarki da cokalin gini idan an tashi. Da safe kuma, kafin a taɓa komai, birkila zai sa leburori su kwashe ruwan duron a baro su kai can ƙarshen layi su zubar.

Wannan ne ya ba ta mamaki. Ga itace a nan taku biyu, ganyensa ya yi laushi saboda zafi, ga ruwa ana wahalar kai shi nesa.

"Malam birkila, me ya hana a zuba wa lemon?"

"A'a, Hajiya, wannan ba ruwan shuka ba ne. Siminti ne a ciki, ƙone shi zai yi. Ki ba shi na wanke-wankenki ma ya fi."

Ta leƙa duron. Laka ta kwanta a ƙasa, ruwan da ke sama kuwa garau, har tana ganin fuskarta. Ta ɗago ta dube shi, yana murmushi. Nan take lissafinta ya cika: sun kasa sare shi tana zaune, za su bar shi da ƙishirwa, ranar da ya bushe Malam ya ce ikon Allah. Kankare yana shan ruwa sau biyu a rana kamar mai jinya, itacen Inna kuma a ba shi ragowar kwanuka.

Ba ta yi musu ba. Ta san ba a kama ɓarawo da surutu. Tun daga ranar, da sassafe kafin ma'aikata su iso, Malam yana wanka, sai ta ɗauki bokiti ta ɗebi na saman a hankali don kada lakar ta tashi. Bokiti uku, wata rana huɗu. Tana zubawa tana yi wa Inna addu'a, ranta fes, don ta ga ta riga su. Hannuwanta suka fara tsattsagewa suna zafi, ta ɗora laifin a kan sabon sabulun da aka sayo. Da leburori suka ce ruwan duro yana raguwa, ta ce rana ce.

Aiki ya ƙare, kankare ya yi kyau, ko ita ba ta samu abin kushewa ba. Sai dai kafin a cika mako biyu ganyen lemon ya fara rawaya, bakinsa ya ƙone, 'ya'yan da suka fara fitowa suka zube ɗanyu. Ta share ganye da safe, da yamma wani ya zubo. Abin kunya, har da ɗan daɗi a cikin baƙin cikinta, don zatonta ya tabbata.

"Kira min shi," ta ce wa Malam. "Kai ma ka tsaya, don da kai za a yi."

Birkila ya zo da hantsi. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta zazzage masa duk abin da ta tara, tun daga maganar bakin get har saiwoyi huɗu, ta ce ya faɗa mata abin da suka binne a gindin itacen uwarta. Wannan karon bai yi murmushi ba. Ya tsuguna, ya kankare ƙasar da cokalinsa. Wani farin ɓawo ya ɓantare, mai tauri kamar busasshiyar toka. Ya murza a yatsa, ya ƙara tonawa, har ƙasa haka take.

"Ruwan siminti ne," ya ce. "Kuma ba sau ɗaya ba." Ya miƙe, ransa a ɓace. "Yaran nan na hana su da bakina. Ganda ce ta sa suka riƙa juyewa a nan. Ki yi haƙuri, Hajiya, laifina ne da ban tsaya a kansu ba. Yau ɗin nan zan sallame su."

Ya ciro waya yana neman lamba. Malam ya dubi farin ɓawon, ya dubi hannuwan matarsa da suka yi saɓa, sannan ya kawar da kai ya shiga kallon katanga. Ta gane ya gano ta, kuma ba zai taɓa tona ta ba. Hanya a buɗe take, shiru kawai za ta yi.

"Ajiye wayar," ta ce. Muryar ta fito ƙarama, ba irin tata ba. "Ba su ba ne. Ni ce. Kwana biyar, kullum da safe."

Birkila ya mai da wayar aljihu a hankali. Da ya ce ai ya faɗa mata, da ta samu abin riƙewa. Bai faɗa ba.

"Zai tashi?" ta tambaya.

Ya kankari wani reshe da farce, busasshe. Ya sauko ƙasa ya kankari wani, shi ma haka. Sai can kusa da gindi aka ga ɗan kore.

"A kwashe ƙasar nan duka, a kawo sabuwa, a yi ta ba shi ruwa mai kyau. Ban yi miki alkawari ba."

Malam ya ce bari ya nemo lebura. Ta ce babu leburan da zai taɓa. Ta durƙusa a kan sabon kankaren, ta karɓi cokalin daga hannun birkila ta fara tono. Ƙasar tana shiga tsagun hannunta tana ci kamar barkono, ba ta tsaya ba. Ta saba idan abu ya lalace ta san wanda za ta kama, yau ta duba gidan kaf babu kowa, kuma wannan ya fi ciwon hannun zafi.

"Inna, ki yafe min," ta ce, ba ta damu da mazan biyu suna ji ba. "Na zaci tsaronsa nake yi."