Katin Hoto Mai Fanka Biyu

Akwai wani hali da ke kama mutumin da ya ƙware a sana'a guda. Sai ya ɗauka ya gama sanin duniya, ya riƙa auna kowane abu da mudun sana'arsa, ba ya tambaya, in an faɗa masa ma ba ya ji. Wannan hali shi ya kama Labo, dillalin tumaki na Gazawa, ga kuma yadda ya ƙare da shi.

Labo ya haura shekara ashirin a kasuwar bisashe. In ya dafa gadon bayan rago, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga shi sau ɗaya ya ajiye, to ya gama karanta shi. Ba a taɓa cutarsa a kan dabba ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Da ƙanensa Jaye zai tafi Libiya neman aiki, sai ya bar masa amana: ɗan shago kusa da tasha, benci biyu, da ordinatar guda, wato kwamfuta, wadda samari ke buga wasan ƙwallo a kanta. Shekara uku Jaye ya yi yana dako a Maraɗi kafin ya mallake ta. Ranar tafiya ya ce, "Yaya, ka kunna, ka kashe, ka rufa mata zane. Cikinta kuwa kada kowa ya taɓa sai Chindo mai gyara na Agye. Ita zan dawo in tarar, ba ni da wani abu bayanta."

A shekarar da sojoji suka shirya zaɓe suka miƙa mulki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bango ba, sai yaƙi ya tashi a Libiya. Manyan motoci suka fara sauke mutane, kowa da ƙullin kayansa, wasu ma hannu biyu kawai. Jaye ya kira ta salular wani ya ce ya iso Agadas, an karɓe masa komai a hanya, yana jiran mota.

Shagon kuwa ya mutu. An buɗe wani a bayan tasha mai sabon wasa, samari duk sun koma can. An sa wa ordinatar Jaye sabon wasan, amma 'yan ƙwallon sai su riƙa tafiya suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa. Labo ya ji ba zai iya bari ƙanensa ya dawo ya tarar da benci ba kowa ba. Ya naɗe ordinatar a bargo, ya hau kabu-kabu sai Agye.

Chindo mai gyara ya kwance ta, ya hura ƙura, ya daɗe yana dubawa.

"Yaya Labo, ta tsufa, amma lafiyarta lau. Katin hoto ne ya gaza, shi ke zana abin da ake gani a gilashi. Za a canza shi, sai dai a bi ta a hankali." Ya nuna wani ɗan akwatin ƙarfe a kusurwar cikinta. "Wannan ke raba wa kowa wuta a ciki, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Ƙaramin kati za ka sayo, marar fanka. Wasan zai tafi daidai, ba dai kamar na bayan tasha ba."

"In ba zai kai nasu ba, me na yi ke nan?"

"Ka dawo da rabin samarinka. Sauran kuwa, Jaye ya zo ya ƙarasa."

Ya rubuta lamba a takarda ya ba shi, ya ce a Katsina ake samu, wajen masu kayan gwanjo. Labo ya soke takardar a hula. A ransa kuwa yana cewa, yaron da aka yi sunansa a gabana ne zai ce in sayo marar kyau da gangan?

A gida ya kwance ragon da matarsa Saudatu ta yi wata bakwai tana kiwo da dusa da harawa.

"Maigida, ina za ka da shi?"

"Abin Jaye zan gyara. Kafin Layya na mayar miki da biyu."

"Chindo ya ce sai an sayar da rago?"

"Chindo ya san waya, ni na san ciniki."

Saudatu ta tsaya riƙe da kwanon dusa har suka fita zaure.

A Katsina mai shago ya karanta takarda ya ɗauko katin. Ɗan siriri ne, bai fi tafin hannu ba. Labo ya ɗora shi a hannu ya jijjiga, bai ji nauyin komai ba. Can sama ya hango wani, dogo, baƙi, mai fanka biyu. Ya ce a sauko da shi. Ya ɗaga ya ji nauyi. Ya shafa bayansa. Ya juya shi ya duba jerin haƙoran nan masu ruwan zinariya na ƙasa, duk cif, ba giɓi. Ya hura fankokin suka juya.

"Wannan shi ne kati," in ji Labo. "Wancan ai bai gama shan nono ba."

Mai shago ya yi dariya. "Alhaji, wace irin na'ura gare ka? Wannan cin wuta gare shi. In tsohuwa ce ba za ta ɗauke shi ba. Ka bi takardarka."

To, a nan ne sana'a ta ci Labo. A kasuwar bisashe, in mai dabba ya fara kushe ragonsa yana tura ka ga wani, kowane dillali ya san dalili: ya ajiye shi ne don wani mai saye. Labo da kansa ya yi wa mutane haka ba sau ɗaya ba. Sai ya yi murmushi irin na wanda ya gano wasa.

"Wa ka ajiye wa?"

"Ban ajiye wa kowa ba, Alhaji. Gaskiya nake faɗa maka."

"Ni ma haka nake cewa. Yi mini ciniki."

Suka ja, suka ja. Daga ƙarshe mai shago ya ce, "Na sallama. Amma kayan gwanjo ne, in ya fita ƙofar nan ba ya dawowa." Labo ya ce shi ma bai taɓa mayar da dabba bayan sallama ba. Kuɗin ragon Saudatu ya tafi gaba ɗaya.

Bai koma Agye ba, don ya san abin da Chindo zai ce. A Gazawa ya kira Garba mai gyaran rediyo. Kati ya ƙi shiga, ya fi cikin ordinatar tsawo. Suka kai ta wurin maƙerin gwangwani ya yanke mata gefe da almakashi, har bakin katin ya leƙo waje. Sai kuma ga wani rami a jikin katin mai neman wayar wuta, alhali ordinatar ba ta da irinta. Garba ya sosa ƙeya.

"Yaya Labo, anya ba a tambayi Chindo ba?"

"Wuta ba wuta ba ce? Haɗa."

Garba ya fere wayoyi biyu ya murɗa, ya naɗe da salatif.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana tsakiyar zafin bazara, Labo ya kunna. Gaskiya ta yi kyau. Ciyawar fili kore shar, 'yan ƙwallo na gudu kamar mutane. Samari suka fara dawowa daga bayan tasha, benci biyu suka cika, wasu na leƙe ta taga. Labo ya tsaya a ƙofa yana gyara hula, yana cewa a je a gaya wa Chindo.

Ba a gama wasa na biyu ba wari ya tashi, irin na roba a wuta. Aka ji ɗan ƙara, gilashi ya yi baƙi, hayaƙi ya fito ta inda maƙeri ya yanke. Samari suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi dariya.

Washegari Chindo ya duba. Bai yi faɗa ba. Ya ciro akwatin wuta ya ajiye gefe, ya ciro babban allon da komai ke manne a kai ya nuna baƙin tabo, ya ciro katin mai fanka biyu ya ajiye shi ma.

"Wanne za a gyara?" in ji Labo.

"Babu. Da akwatin wutar ya ƙone ya tafi da su duka." Ya juyo ya dubi Labo. "Takardar da na ba ka fa?"

Labo ya cire hula. Tana nan a ninke, gumi ya jiƙa ta.

Kwana uku bayan haka mota ta sauke Jaye a tasha, ya rame, takalminsa ɗaure da igiya. Bai nufi gida ba, shago ya fara zuwa. Ya ɗaga zanen da aka rufa, ya ga gefen da aka yanke, ya sa yatsa ya shafa bakin ƙarfen. Labo ya fara bayani, yana cewa don shi ya yi.

"Na ji, Yaya," in ji Jaye. Ya mayar da zanen ya rufe. "Har yanzu ana ɗaukar 'yan dako a Maraɗi?"

Kwana biyu ya yi a gida ya tafi, bai yi wa wansa sallama ba.

Ga abin da Labo ya rasa. Ordinatar Jaye ta shekara uku na dako, ta zama kwandon ƙarfe. Kati mai fanka biyu, yana tokare ƙofar shago. Ragon Saudatu, Layya ta zo ta wuce turken ba komai, kuma ba ta sake ɗaure dabba a gidan ba, gidan uwarta take kai kiwonta. Shagon, mai shayi ya karɓa. Sai ƙane guda ɗaya da yake da shi, wanda in ya kira gida yanzu, Saudatu yake nema ya gaisa da ita ya kashe.