Kiri-kirin Wule

A duk unguwar da ke bayan tashar Talata Mafara babu tsakar gida mai kore irin na Malam Mas'udu, malamin makaranta, kuma babu wanda ake yi wa dariya kamarsa. Mutane na aske ciyawar ado ta kwanta luf, tasa kuwa ta yi tsiri-tsiri har tana rufe idon sawu. Laifin ba nasa ba ne, na surukinsa ne, Bappa Isa.

Bappa Isa makiyayi ne daga Gidan Goga. Shekarar da 'yan bindiga suka kore masa garke, sandarsa kawai ya tsira da ita, 'yarsa Taibatu ta ɗauko shi zuwa gidan mijinta. Ya iske Mas'udu na fama da wata ciyawa mai laushi da ya sayo wurin masu furanni a Gusau. Ciyawar 'yar gata ce, ba ta san jigawa ba. Bazara na shigowa ta ƙone ƙurmus, ta bar fili fayau.

Da damina ta faɗi, tsohon ya nemi a bar masa wurin. Ya bi gefen magudanar ruwan Bakolori ta hanyar Bakura, ya tono kiri-kiri da saiwarta, irin ciyawar nan mai yaɗo wadda ko shanu sun tattake ta sai ta tashi. Ya je kara, wato kasuwar shanu, ya roƙo kashinsu. Mutumin da a da manoma ke lallashinsa ya kwantar da garkensa a gonakinsu, yau shi ke roƙon taki a buhu! Ya cakuɗa shi da ƙasa, ya dasa. Da rani ya shigo, yakan ba ta ruwa da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, bai taɓa ba ta da tsakar rana ba, wai dafa ta za a yi. Ruwan alwala yake tara mata a bokiti, na wanki kuwa ya hana Taibatu ko watsa shi kusa. Gara ta taso, ya bi ta da toka. Ƙarangiya da aya-aya kuwa, da yatsa yake tsince su.

Abu ɗaya ya ƙi, wato a yanke ta. Mas'udu ya aro injin aski, ya tsuguna cikin ladabi ya ce, "Baba, in ana rage mata tsawo ta fi yin kauri."

"Na sani," in ji tsohon. "Amma mai askinta na nan tahe. Ba a yanke ciyawa a zubar, ɗana. Bakin saniya shi ne laujenta."

Taibatu ce ta warware wa mijinta zancen. Tun kafin masifar, mahaifinta ya ba amininsa Ayuba na Janbako wata karsana mai farin goshi, Wule, a matsayin habbanaye. Al'adarsu ce: ka ba ɗan'uwanka aron saniya, ta haifa masa sau uku, ya riƙe 'ya'yan, ya maido maka da uwar. Wule kaɗai ta rage daga jinin shanun da Bappa Isa ya gada wurin kakanninsa, kuma an ce tana ɗauke da ciki na uku. Ashe duk wannan wahala ba don ado yake yi ba, kiwo yake shirya mata. Daga ranar Mas'udu ya mayar da injin, ya bar maƙwabta da dariyarsu.

Wata ranar Talata, kasuwa na ci, aka yi sallama a zaure. Ayuba ne. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Bappa Isa ya fito da sauri har yana tuntuɓe, idonsa bai tsaya kan baƙon ba, bayansa yake leƙe. Babu komai a bayansa.

Aka shimfiɗa musu tabarma a gefen ciyawar. Suka yi gaisuwa mai tsawo, lafiyar gida, lafiyar gajiya, ya ruwa, ya jama'a. Ba wanda ya tambayi ya dabbobi. Can Ayuba ya sa hannu a aljihu ya zaro igiya, ya ajiye ta a gaban abokinsa. Bappa Isa ya gane ta, shi ya tufka ta da hannunsa ranar da ya ba da Wule.

"Ta haihu lahiya," in ji Ayuba, kansa a ƙasa. "Ina shirin taho maka da ita mutanen nan suka shigo muna. Sun kwashe duka. Ɗana Yasir ya bi sawunsu, don ya ce amanar Bappa na ciki, ba ya barin ta. Bayan kwana biyu muka ɗauko gawarsa."

Kuka ya taso wa Bappa Isa, ya danne shi. Ta yaya mutum zai yi kukan saniya a gaban wanda ya binne ɗa saboda ita? Ya kama hannun Ayuba ya ce, "Allah shi jiƙan Yasir, Allah shi ba ka haƙuri. Ita kam dabba ce, mi aka yi aka yi saniya?" Tunda yake bai taɓa faɗin maganar da ta yi masa ciwo irin wannan ba. Taibatu na jin su daga madafa, ta toshe bakinta da gefen zane.

Da Bappa Isa ya raka baƙonsa tasha ya dawo, ya ce wa Mas'udu ya je ya aro injin nan. Mas'udu ya kasa ɗaga kai, ya ce, "A bar ta haka, Baba." Sai tsohon ya ɗauko lauje da kansa, ya durƙusa, ya yanke ta tas, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika gidan. Hannunsa ya ƙi yarda ya zubar. Ya tattara ta, ya ɗaure da igiyar Wule, ya ɗora a ka kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Ya kai bakin zaure da damin a kansa, ya duba gabas, ya duba yamma, ya tsaya. Bai san inda zai kai ta ba.