Wuƙar Auren Mangwaro

Ƙas! Abin da Saleh ya ji ke nan, sai ga rabin ruwan wuƙar a ƙasa kusa da tayar baronsa, ƙotar da guntun da ya rage suna hannunsa.

"Innalillahi," ya ce a hankali, ya waiga ko wani ya gani.

Ai kuwa an gani. Baba Zacharias, mai gidan, yana zaune a kujerar roba a bakin ƙofarsa, ya rufa bargo a gwiwa duk da zafin hantsi.

"Mai lemo, me ka yi da shi?"

"Baba, ƙusa ce ta shige taya, na ce bari in ɗan ɓamɓaro ta."

"Da wuƙa na? Ba ka ce abarba za ka fere ba?"

Saleh ya sunkuya ya ɗauki guntun wuƙar daga ƙasa. Shekararsa tara yana haya a ɗakunan baya na gidan nan da ke gefen Bwari, shi da matarsa Rukayyat da 'yarsu Surayya, yana tura baron lemo da kankana. Bai taɓa ganin Baba ya rabu da wuƙar nan ba. 'Yar wuƙar aljihu ce mai ninkewa, wasawa ta cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen albasa. Da ita Baba ke yanka igiya, da ita yake fere doya, da ita kuma yake yi wa itatuwa aure, wato ya yanko reshen bishiya mai daɗi ya haɗa shi a jikin ƙaramin dashe.

Abin da ya ɗaga wa Saleh hankali ke nan. A ƙofar gidan akwai wani ƙaton mangwaro da duk unguwa ke kira mangwaron Mama Lucy, don marigayiya matar Baba ce ta dasa shi shekarar aurensu. Ba shi da zare ko kaɗan, zaƙi kuwa sai wanda ya sha. An sha shuka ƙwallonsa, sai ya fito da wani abu mai tsami. Yanzu masu faɗaɗa titi sun shafa masa jan fenti, sun ce ranar Litinin katafila za ta zo. An shafa fentin ne Baba yana asibiti, inda ya yi wata biyu kafin a sallamo shi, ba don ya warke ba, sai don zuciyar ta gaji. Dashe goma sha biyu na jere a cikin baƙaƙen ledoji a bayan gida suna jiran aure. Yau Laraba, ga shi Saleh ya karya wuƙar.

"Baba, ga wuƙar lemona."

"Wannan gwangwani? Yana lanƙwasa kamar cokali."

"To ta girkin Rukayyat."

"Kai, ba na son mangwaro mai warin albasa. Je ka nemo mini wuƙa, mai lemo. Mai ƙarfi, mara tsada."

Washegari Saleh ya ajiye baro, ya hau mota har Wuse. Ya dawo da la'asar yana washe baki, ya miƙa wa Baba wata jar aba mai walƙiya a cikin kwali. Baba ya sa tabarau ya fara buɗe ta. Ga almakashi, ga mabuɗin kwalba, ga abin kankare farce, ga ɗan zarto, har da 'yar fitila.

"Ina rediyon?" in ji Baba.

Clara, 'yar Baba da ke aikin jinya a Kubwa, tana wanki a gefe, ta yi dariya har ta zubar da ruwan omo a ƙafarta. Baba ya kai wuƙar kunnensa ya girgiza. Kacau-kacau.

"Ka ji? Tun bai fara aiki ba yana kuka. In ka girgiza wuƙa ka ji motsi, ajiye musu kayansu."

Ya gwada ta a jikin ɗan reshe, ta tauna shi kamar akuya. Rukayyat ta zo ta karɓe abinta, ta ce dama tana neman almakashi.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci Saleh ya wuce Kubwa. Wannan karon ya girgiza duk wuƙar da aka miƙo masa, har mai shagon ya tambaye shi ko caki ya zo saya. Ya zaɓo wata baƙa ƙatuwa, irin ta sojojin fim, mai nauyi da haƙora a gadon baya. Kuɗin da ya bayar sai da ya ji a jikinsa.

Baba ya girgiza, shiru. Saleh ya fara murmushi. Sai Baba ya buɗe ta, ya janye yatsunsa gefe, ya danna bayan ruwan a jikin benci. Ɗas! Ta rufe da kanta.

"Da yatsa na yana nan, da yanzu Clara tana ɗinki. Wuƙa mai ninkewa, sai ka ce ya ninke sannan ya ninke."

Ya sake buɗe ta, ya yi kamar zai caka ta a ƙasa. Saleh ya zabura, "Baba, a hankali, sabuwa ce!"

"Yawwa, ka gani? Kana tausayinsa. Wuƙar da kake tausayi, a ƙarƙashin katifa za ka ajiye shi. Gobe ni da kaina zan je kasuwa."

"Ba inda za ka, Baba," in ji Clara. "Likita ya ce ka huta."

"Hutu yana zuwa, mai yawa ma. Kawo mini hular coci na."

Clara ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da hular, idonta ya yi ja.

Ranar Asabar da safe suka shiga Keke Napep su uku. A kasuwar Bwari Baba ya wuce duk shagunan gilashi, yana tafe yana hutawa, hannunsa ɗaya a kafaɗar Saleh, har suka isa wurin wani dattijo mai suna Yamusa da ya baza fartanya da lauje da kwaɗo a kan buhu.

"Zakka! Ashe kana raye?" in ji Yamusa.

"Ina jira ka fara tafiya, in ga yadda ake yi. Fito da wuƙaƙe."

Aka ba Baba kujera, aka zube masa wuƙaƙe a cinya. Wayyo, Saleh ya ga tantancewa ranar. Wannan ƙusarta na rawa. Waccan ƙotar roba ce, in hannu ya jiƙe za ta sulɓe. Wata kuma ta yi kauri, Baba ya ce gatari ce ta yi ɓad-da-kama. Can ƙasan tarin ya zaro wata mummuna, ƙotar katako ko fenti babu, da wani zoben ƙarfe a wuyanta wanda ake murzawa ya kulle ruwan. Ya girgiza, shiru. Ya danna bayanta a kujera da iya ƙarfin da ya rage masa, ko gezau.

"Mai lemo, ba ni lemon tsami."

Saleh ba ya rabo da shi a aljihu. Baba ya yanka, ya bar ruwan a jikin ƙarfen, suka ci gaba da hira da Yamusa a kan mutanen da suka sani da gonakin da suka zama gidaje. Jim kaɗan ƙarfen ya fara dishi-dishi yana yin baƙi.

"Baba, ta lalace!"

"Shi ne mai kyau. Ƙarfen da yake baƙi, shi yake jin dutse. Masu walƙiya ɗin nan sai ka wasa har ka gaji. Wannan dai ka riƙa goge shi, ka shafa masa ɗan man ja, zai kai ka tsufa."

Yamusa ya miƙo dutsen wasawa. Baba ya tofa ruwa, ya yi ta ja a hankali, gaba da baya. Da ya gama ya naɗe hannun rigarsa na hagu zai gwada kaifin, sai ya tsaya yana dariya. Daga wuyan hannu har gwiwa babu gashi ko ɗaya, fatar sumul. Shekara arba'in yana gwada kaifi a wurin, gashin ya yi fushi ya daina fitowa.

"Kawo naka."

Kafin Saleh ya ce wani abu, an aske masa faɗin yatsa uku a hannun hagu. Kuɗin wuƙar ko rabin na mai fitilar nan bai kai ba, duk da haka sai da Baba ya tsaya ciniki, don kada Yamusa ya saba.

Ranar Lahadi mutanen coci suka zo gida suka yi wa Baba addu'a. Suna tafiya ya sa Saleh ya hau mangwaron ya yanko kawunan rassa masu kumburarren ido, kaurin fensir. Aka jera dashen a gabansa. Baba ya ɗauki reshe, ya ɗora wuƙa, sai hannun ya kama rawa. Ya ja, yankan ya fito a karkace. Ya sake ɗaukar wani, haka. Ya daɗe yana kallon hannun nan nasa, kuma a gaskiya ranar ce kaɗai Saleh ya ga tsoro a fuskarsa.

"Zauna nan," ya ce, ya miƙa masa wuƙar ta wajen ƙota.

"Ni? Baba, ni da na karya..."

"Kai da kake fere lemo ɓawon bai tsinke ba? Ina kallonka shekara tara. Hannu kana da shi, hankali ne sai a hankali."

Aikin ba wuya a baki. A fiƙe gindin reshen ta gefe biyu, a yanke kan dashen a tsaga shi, a cusa, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe tam da siririn yankin leda, a rufa wata ledar a kai. Amma yankan sai ya zama ja ɗaya. Saleh ya ɓata reshe ya fi ashirin.

"Ja ɗaya! Kada ka sassaƙa, ba turmi kake yi ba. Kada ka taɓa wurin yankan da yatsa!"

"Baban Surayya, gumi na ɗiga a kai," in ji Rukayyat, tana yi masa fifita da murfin tukunya.

Kafin kiran magariba sun ɗaure sha biyun. Baba ya jingina da kujera yana haki.

"Sati uku. Kada ka buɗe, ko zuciyarka ta ce ka leƙa. Ruwa a gindi kawai, a inuwa."

Ranar Litinin katafila ta zo kamar yadda aka ce. Clara ta so ta mayar da Baba ɗaki, ya ƙi. Yana zaune da hularsa bishiyar ta yi ƙara ta kwanta. Matan unguwa suka yi ta salati, wasu na kiran Yesu. Baba ya ɗaga wa direban hannu.

"Oga, ka makara! Mun riga mun kwashe kaya."

Kwana tara bayan haka, da hantsi, ya sha kununsa, ya tambayi Saleh ko ya zuba wa dashen ruwa, ya ce bari ya ɗan rufe ido. Da Clara ta zo ɗaukar kofin, ya riga ya tafi.

An yi jana'iza, gidan ya cika ya watse. Saleh ya ɗauki kujeru, ya raba ruwa, ya yi kuka a bayan gida inda ba mai ganinsa. Abin da ke cin ransa shi ne dashen. Ta cikin leda yana hango rassan suna baƙi ɗaya bayan ɗaya. Huɗu, shida, takwas. Uwar bishiyar an riga an faskara ta an yi girki, babu inda za a sake yanko wani reshe. In sha biyun nan suka mutu, shi ne ya kashe mangwaron Mama Lucy, da ƙusar tayarsa da hannunsa na koyo. Sau biyu yana kai hannu zai kwance ledar, sai ya ji kamar an ce "Mai lemo!" ya janye.

Ran kwana na ashirin da biyu yana ɗaure kaya a baro, Rukayyat ta ƙwala masa kira daga bayan gida.

"Baban Surayya! Zo ka gani, yi sauri!"

Guda uku ne. A kan kowanne wasu 'yan ganye jajaye masu laushi sun turo, har ɗaya ya tokare ledar. Saleh ya durƙusa yana ta "Alhamdulillahi", yana dariya, hanci na zuba. Clara ta fito da kayan aikinta, jaka a kafaɗa, ta tsaya a kansu tana kallo.

Ya zaro wuƙar daga aljihu. Ta yi baƙi sosai yanzu, ƙotar ta sha man ja. Ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"Anti Clara, ta Baba ce. Ya kamata ta koma ɗakinsa."

"Ta yi me a ɗaki, Malam Saleh? Buɗe musu ledar su sha iska."

Ya buɗe wuƙar, ya murza zoben, ya naɗe hannun riga don kada ya taɓa ganyen. Sai idon Clara ya sauka a hannunsa na hagu. Askin da Baba ya yi masa a kasuwa ya kamata a ce tuni ya cike, amma wurin na nan fes, ya ma ƙara faɗi, ya kusa kai rabin hannun.

Clara ta toshe baki da tafin hannu, tana dariya hawaye na bin yatsunta. Motar Kubwa ta yi hon a bakin sabon titi, ta gaji ta wuce. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta durƙusa ta riƙe masa gindin dashen, shi kuma ya sa bakin wuƙar a ledar ya ja sau ɗaya.