Kujerar Matar Kafinta

Matar kafinta gajeriya ce, duk kujerar da ta hau sai ƙafafunta su yi ta lilo. Shi ya sa mijin ya ƙera mata tata, mai gajerun ƙafafu da majingina daidai bayanta. Da gidan tarihi ya ari kujerar don baje kolin sababbin kayan da masu sana'ar yankin suka ƙera, ba ƙaramar mita ta yi ba.

Ranar buɗewa dai ta ci ado ta bi mijin. Suka wuce riguna a jikin mutum-mutumi, da fitilu, da wani injin niƙa mai sheƙi, sai ga kujerarta a tsakiyar zaure, an goge ta tas. An rubuta a gefe cewa kowa na iya gwadawa.

Wata dattijuwa, wadda ba ta fi ta tsawo ba, ta zauna a hankali. Da ta ji tafin ƙafarta a ƙasa sai ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Yau ga ni zaune kamar kowa. Wane mai hankalin ne ya yi wannan?"

"Maigidana ne, Mama," in ji matar kafinta. "Amma fa da ni aka gwada."

Dattijuwar ta miƙe, suka jera kafaɗa, suka dubi juna, sai dariya har da hawaye. Kafinta kuwa sosa ƙeya kawai yake yi. Ranar matarsa ce ta tsaya tana yi wa baƙi bayani, har mai gadi ya fara kaɗa makullai.