Karatun da Asibi ta haddace

"Sake faɗa," in ji Mahmudu.

Asibi ta lashi leɓe, idonta na kan kwalbar lemon da ke hannun mahaifinta, raɓa na gangarowa daga jikinta tana ɗiga kan tabarma. Shekararta bakwai, haƙoranta na gaba ba su daɗe da fita ba.

"Maza suna zuwa ɗakin Mama."

"Su wa?"

"Direbobi."

"In sun zo, ina take tura ki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. "Ai ba ta tura ni ko'ina, Baba. Abinci suke saye, su zauna a benci su ci."

Mahmudu ya mayar da kwalbar bayansa. Bai ɗaga murya ba, ya riga ya lura tsawa ba ta sa ta riƙe magana. "Waje take tura ki, ta rufe ƙofa. Haka za ki gaya wa alƙali. In kin manta, ni za a kulle. Kina so a kulle babanki?"

Ta girgiza kai da sauri.

"To daga farko."

Mahmudu masinja ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun da aka kwaso daga Legas zuwa Abuja a shekarun nan. Kullum da asuba yake bin bas daga Suleja, sai magariba yake dawowa ɗakin da yake haya a unguwar Wambai. Bara war haka Rabi'a, uwar Asibi, ta kai shi ƙara bayan ya mare ta a tsakar gida a gaban 'yan haya. Ta nemi a raba auren, ta mayar masa da sadakinsa a gaban jama'a, ta kama hannun 'yarta ta fita ba ta ko waiwaya ba. Wannan rashin waiwayen ne ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya zaci wahala za ta koro ta. Sai ya ji ta kama rumfa a Diko, bakin titin Kaduna, tana sayar da tuwo da shinkafa, har ta yi ƙiba.

Da Sallah ya aika a kawo masa Asibi ta yi masa yawon Sallah. Bai mayar da ita ba. Rabi'a ta sake komawa kotu.

* * *

Yayarsa Halimatu Sadiya ta zo daga Lambata da ta ji labari. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Mamuda, wa zai riƙe maka yarinyar nan? Kai da rana ba ta ganin ka a gida?"

"Allah zai riƙe ta."

"Allah ya ba ta uwa, kai kake neman ƙwacewa. Na tambayi malamai, sun ce 'ya mace tana hannun uwarta har ta yi aure."

"Sai in uwar ba ta da kamun kai, Yaya. Ni ma na tambaya."

Ta zuba masa ido. "Rabi'ar ce ba ta da kamun kai? Shekara nawa tana ɗakinka, ka taɓa kama ta da wani abu?"

A ransa yana ganin Rabi'a tsaye a gaban alƙali, ana faɗin maganar a gaban 'yan'uwanta, fuskar nan tata da ba ta nuna komai tana rushewa. Wannan hoton yake tafiya da shi cikin bas, da shi yake hawa benen ofis ɗauke da fayil.

"Ka ji tsoron Allah," in ji ta. "Ni dai kada ka kira ni shaida, kuma kada ka kawo mini ita. Ba zan goyi 'yar da aka yi wa uwarta ƙazafi ba."

Bai buƙaci shaidarta ba. Yana da Tanko, abokinsa direban tirela, wanda Rabi'a ta taɓa kora daga rumfarta saboda ya kai hannu jikin mai taya ta wanke-wanke. Sun haɗu a tasha, Tanko na goge hannu da tsumma.

"Kai dai bar ni da ita," ya ce. "Zan ce da idona na gani. Matar nan har da ludayi ta nuna ni a gaban yarana."

Mahmudu ya saya wa Asibi sabuwar riga da takalmi, don alƙali ya ga yadda take a hannun ubanta. Ya sa aka shafe ɗakin da farar ƙasa ko za a turo a duba. Kullum kafin su ci abinci sai sun yi bita. A hankali yarinyar ta daina gyara masa. Wata rana ma ta ƙara da nata: "Har da mai jar hula." Ya yi dariya ya shafa kanta.

* * *

Ranar shari'a sun tarar da Rabi'a zaune a barandar kotu ita da ƙanin mahaifinta. Ƙibar da ake faɗa ta zube. Tana ganin 'yarta ta miƙe.

"Asibi! Zo nan, uwata."

Yarinyar ta yi taku ɗaya, ta ji hannun ubanta ya matse nata, ta koma bayansa.

Tanko ya yi rantsuwa ya faɗi nasa. Rabi'a ta ce ƙarya ne, ta kawo maƙwabciyarta ta yi mata shaida. Alƙali ya ce a matso da yarinyar, ba shaida za ta bayar ba, yana dai son jin bakinta. Ya tambaye ta da taushin murya yadda suke zaune a Diko.

Asibi ta harɗe hannu a ƙirji yadda suke yi a makarantar allo, ta kafa ido a bango, ta karanto abin da ta haddace tiryan-tiryan. Direbobi. Waje. Ƙofa a rufe. Mai jar hula.

Mahmudu ya juya don ya ga abin da ya daɗe yana jira. Rabi'a ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba. 'Yarta take kallo, bakinta a ɗan buɗe.

"Asibi," ta ce a hankali, "ni?"

Yarinyar ba ta ɗauke ido daga bangon ba.

Aka ba Mahmudu riƙon yarinyar. A waje Tanko ya buga masa kafaɗa yana cewa, "Ka ga aiki ko?" Ƙanin mahaifin Rabi'a ya riƙe ta suka nufi titi, takalminta ɗaya a hannunsa, ba ta ma san ya cire ba. Mahmudu ya tsaya yana jiran daɗin ya zo masa. Yunwa kawai ya ji.

* * *

Ranar Litinin ya tashi da asuba kamar kullum. Ya ƙwanƙwasa wa Bose, maƙwabciyarsu mai shagon kayan masarufi.

"Madam, don Allah ki riƙa duba mini ita."

"Oga, ni ma ina da kasuwa fa," ta ce tana ɗaura ɗankwali. "To, ta zauna inda zan gan ta."

Ya kulle ɗakin saboda ɓarayi, ya miƙa wa Asibi burodi, ya ce ta yi hankali, ya ruga don kada bas ta cika.

Da hantsi Bose ta leƙo daga shago. Yarinyar na zaune a dokin ƙofa ƙarƙashin kwaɗo, burodin a cinyarta ba ta taɓa ba. Ta tsefe rabin kitsonta da ya tsufa, hannunta bai kai sauran ba, ta bar shi haka. Duk macen da ta wuce ta bakin zaure sai ta ɗaga kai.